Daga Yatsan Ɗabibi zuwa Agogon Hannu: Tarihin Sauraren Zuciya a Gangare ta Jos

Sauraren bugun zuciya yana daga cikin tsofaffin ayyukan da masu magani suka gada kaka da kakanni, kuma ko da yake kayan aikin sun sake sau da dama, daga yatsa zuwa kunne, daga kunne zuwa takarda, daga takarda kuma zuwa ɗan agogon nan da samarin zamani ke ɗaurawa a wuyan hannu yana ƙidaya musu bugu dare da rana, mas'alar da ta dami ma'abota wannan fanni tun farko tana nan yadda take, watau ta ƙaƙa za a yi mai ilmi ya kasance yana saurare a daidai sa'ar da zuciya ta yi tuntuɓe. Zuciyar baligi takan buga kimanin sau 100,000 tsakanin fitowar rana da wata fitowar, alhali kuwa likita, komai ƙwazonsa da tausayinsa, abin da zai ji a zama guda bai wuce bugu 100 ko 200 ba. Sauran duka a bayan idonsa suke aukuwa, a kasuwa, ko a kan hanya, ko cikin barci. Za mu bi labarin yadda aka yi ta ƙoƙarin cike wannan giɓi, muna dubansa daga unguwar Gangare ta birnin Jos, domin mutanenta na farko suna cikin waɗanda suka haƙo irin ƙarfen da ake liƙe cikin waɗannan na'urori da shi, sa'an nan kuma Allah ya hukunta unguwar ta yi maƙwabtaka da wurin da aka fara koyar da likitanci a ƙasar Filato.

Abin da magabata suka sani

Hukama'un Yunan, musamman Jalinusu, sun wallafa littattafai a kan bugun jijiya, malaman Musulunci kuwa suka karɓi wannan ilmi suka tace shi suka ƙara masa. Ibnu Sina, wanda ya rasu a shekara ta 428 bayan Hijira, daidai da 1037, ya keɓe masa fasali mai tsawo cikin littafinsa Alƙanun, inda ya kasa abubuwan da ɗabibi zai lura da su gida goma, kamar girman bugu da ƙarfinsa, da saurinsa, da taushin jijiya ko tsaurinta, da tsawon hutun da ke tsakanin bugu da bugu, da daidaituwarsa ko saɓaninsa. Har sunaye aka sanya wa nau'o'in bugu, akwai na barewa, da na tururuwa, da na tsutsa, da na zarto, da wanda ke raguwa a hankali da ake kira wutsiyar ɓera. Ya kuma bayyana dabarar gane wanda ciwon so ya kwantar alhali yana ɓoyewa, ita ce ɗabibi ya riƙe masa jijiya, a yi ta ambaton sunayen unguwanni da gidaje da mutane, duk inda bugun ya rikice to an iso wurin. Fa'idar wannan dabara ita ce ta nuna tun a wancan zamani an fahimci cewa bugu ba abu ne tabbatacce da za a auna sau guda a huta ba, yana jujjuyawa ne gwargwadon halin da mai shi ke ciki. Bayansa Ibnun Nafis, wanda ya rasu a Alƙahira a 1288, ya saɓa wa Jalinusu ya tabbatar cewa jini ba ya ratsa bangon da ya raba zuciya biyu, sai ya bi ta huhu tukuna, kuma an shafe fiye da shekara 300 kafin William Harvey na Ingila ya bayyana kewayawar jini dukanta a 1628.

Galibin abin da ya yaɗu a ƙasar Hausa daga ilmin ɗibbu, shi ne ɗibbun Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da sanin itatuwa da saiwoyi. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Masalihul Insan a kan abin da ke gyara addini da jiki, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuwa, wanda ya rasu a 1837, ya yi talifai da dama cikin wannan fanni, har da na amfanin filasko, da na maganin basir, da na ciwon ido. Amma ƙididdigar bugun jijiya irin ta Alƙanun ba ta zama aikin yau da kullum na wanzami da ungozoma da mai maganin gargajiya ba. Su abin da suke dubawa shi ne zafin jiki da sanyinsa, da launin ido, da kumburin ƙafa, da haki, da faɗuwar gaba, kuma sau da yawa sukan jingina waɗannan alamomi ga shigar sanyi, ko damuwa, ko iska, ko sammu. Duk da haka suna da wani abu guda da ya kamata a yi musu adalci a kansa, shi ne lizimtar majinyaci. Tsohuwar da ke kwana ɗaki ɗaya da mai jego har ta yi arba'in ta san daren da numfashinta ya sake, ta san ranar da zobe ya fara matse mata yatsa, ko da ba ta da ma'aunin da za ta auna abin da ta gani, ba ta kuma san sababinsa ba. Ke nan mutanen da suna da lizimta ba su da awo, likitan da zai zo daga baya kuwa yana da awo ba shi da lizimta, kuma duk ƙere-ƙeren da za mu ambata nan gaba neman haɗa waɗannan biyu ne wuri guda.

Kuza da kafuwar unguwa

Tun kafin zuwan Turawa maƙeran Ririwai ta ƙasar Kano da na Ririwan Dalma ta ƙasar Bauchi suna narka kuza suna zuba ta siraran sanduna, fatake suna kai ta kasuwanni, kuma waɗannan sanduna ne suka kai ga hannun wakilan Kamfanin Neja, suka sa su bin sawu har suka hau tsaunukan da Birom da Anaguta da Afizere ke zaune a cikinsu. Wajen 1904 wani injiniya mai suna Laws ya riga ya kafa zango a Naraguta, ba a kuwa daɗe ba kamfanoni suka yi ta kwararowa, leburori kuma suka biyo su daga Kano da Zazzau da Bauchi da Katsina da Barno, har da ƙasar Faransi, waɗansu cin rani ya kawo su domin neman kuɗin haraji, waɗansu suka zo suka zauna ɗungum da iyalinsu. Ƙaramin jirgin ƙasa da ya taso daga Zariya ya iso a 1914, babban layin da ya zo daga Fatakwal ta Kafanchan kuma ya iso a 1927, kamfanin lantarki na NESCO da aka kafa a 1929 ya ɗaure ruwan Kurra domin injunan haƙa su sami wuta. A cikin wannan hada-hada ne Gangare ta tashi, asalinta zangon ma'aikatan kuza, kusa da tashar jirgi da kasuwa, har ta zama ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin Hausawa na Jos, kuma a yau mazaɓa ce mai zaman kanta a ƙaramar hukumar Jos ta Arewa.

Aikin kuza aiki ne mai cin jiki, mutum ya yini da diga da shebur, ko ya yini yana hawa da sauka da kwano cike da ƙasa a kansa, ƙafafunsa cikin ruwa, a ƙasar da ta ɗara teku tsawo da kimanin mita 1,200, inda hunturu ke shiga har ɓargo. Abin ya fi tsanani a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, domin da Japan ta ƙwace Malaya a 1942 Ingila ta rasa babbar mahaƙarta ta kuza, sai gwamnatin mulkin mallaka ta kafa aikin tilas, aka yi ta ɗibar dubban talakawa daga lardunan Arewa ana kawo su Filato har zuwa 1944, da yawa ba su da bargo ba su da wadataccen abinci, ciwon haƙarƙari da sauran cututtuka suka hallaka jama'a mai yawa daga cikinsu. A irin wannan hali, abin da kamfani da hukuma suka fi buƙata daga likita game da lebura shi ne ya faɗa ko zai iya ɗaukar kwano gobe ko ba zai iya ba. Asibiti ma kashi biyu ne a garin, akwai na Turawa, wanda ya zama asibitin ƙwararru na jihar Filato a yau, akwai kuma na baƙar fata.

Kunne da takarda

Abin sauraren ƙirji da likitocin wancan zamani ke ratayawa a wuya, asalinsa daga birnin Faris ne, inda a 1816 wani likita mai suna Laennec, da kunya ta hana shi ɗora kunnensa a ƙirjin wata budurwa, ya naɗe takarda ya kafa baki ɗaya a ƙirjinta ɗayan a kunnensa, sai ya ji bugun ya fito sarai fiye da yadda ya saba ji. Abin awon hawan jini da ake naɗawa a damtse kuwa Riva-Rocci na Italiya ne ya ƙago shi a 1896, Korotkoff na Rasha ya cika shi a 1905 da ya gano sautin da ake saurara a gwiwar hannu yayin da ake sassauta iskar. Sai dai babban juyi ya zo ne daga birnin Leiden na ƙasar Holan, inda Willem Einthoven, a farkon shekarun 1900, ya ƙera na'urar da ke kama 'yar wutar lantarkin da zuciya ke fitarwa a kowane bugu ta zana ta a takarda. Nauyinta ya kai kilo 270, sai mutum 5 sun taru suke sarrafa ta, majinyaci kuwa sai ya tsoma hannuwansa da ƙafarsa cikin bokitan ruwan gishiri. Da yake ba ta ɗaukuwa zuwa asibiti, majinyata kuma ba su iya zuwa ɗakin bincikensa, sai a 1905 ya ja waya ta tsawon kilomita 1.5 tsakanin wuraren biyu, ya zauna a ɗakinsa yana karanta zuciyar mutumin da ba ya gani. An ba shi kyautar Nobel a 1924. Tun daga wancan gwaji na 1905 aka san cewa ba wajibi ba ne mai saurare ya kasance kusa da ƙirjin da yake saurara.

Waɗannan kayayyaki sun shigo Filato sannu a hankali ta hannun gwamnati da 'yan mishan. Asibitin Vom ya fara aiki a farkon shekarun 1920, na Evangel da mutanen Jos suka fi sani da Jankwano aka buɗe shi a 1959, kuma a can ne likita Jeanette Troup ta kamu da zazzaɓin Lassa ta rasu a 1970 tana cikin binciken cutar. A 1971 Jami'ar Ibadan ta buɗe reshe a Jos, a harabar da ke kan titin da yanzu ake kira Murtala Mohammed, dab da Gangare. Reshen ya zama Jami'ar Jos a 1975, babban asibitin gwamnati da ke nan kusa kuma aka mai da shi asibitin koyarwa da dokar 1981. Saboda haka shekaru da yawa mutumin Gangare da ƙafa yake takawa ya je a yi masa awon zuciya, a manna masa wayoyi a ƙirji da hannu da ƙafa, takarda ta fito da zane. Amma wannan awo na daƙiƙa 10 ne kacal, kuma misalinsa misalin mai gadin da zai leƙa kanti sau ɗaya da hantsi, ya ga ƙofa a kulle, ya tafi gida ya ce babu ɓarawo a unguwar. Mutum nawa ne zuciyarsa ta yi masa rawa da tsakar dare har ya yi kalmar shahada, gari ya waye ya je asibiti aka ce ba a ga komai ba, ya komo gida yana zargin iska ko maƙiya?

Darasin mai jego

Babu inda hasarar rashin lizimta ta fi bayyana a ƙasar Hausa kamar a sha'anin mata masu jego. Daga 1969 Farfesa Eldryd Parry da abokin aikinsa Davidson, a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, sun lura da yawan matan da ake kawowa bayan haihuwa da kumburi da haki da tari, zuciyarsu ta buɗe ta yi rauni, suka bi fiye da mata 200 suka wallafa sakamakon a 1978. An ƙiyasta cewa a wannan yanki cutar takan sami kimanin mace 1 cikin 100 da suka haihu, adadin da ya kasance cikin mafi yawa a duniya. Su dai sun jingina abin ga al'adun jego, watau wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma, da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da shan kunun kanwa, domin gishirin kanwa yana tara ruwa a jiki, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki. Waɗannan al'adu kuwa tsoron shigar sanyi ne ya haife su, mai karatu zai iya ƙiyasta yadda uwar da ta taso daga Zazzau ko Kano ta zauna a gari mai sanyin Jos za ta ƙara riƙo da su.

Daga baya bincike ya faɗaɗa. A Yamai, likita Cénac da abokansa sun sami ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin irin waɗannan mata, Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ta Kano kuma ya jagoranci tattara bayanai daga asibitoci da dama na Nijeriya, inda ta bayyana cewa rama da talauci da rashin karatu da hawan jinin masu ciki suna da hannu babba, har ba a iya ɗora wa kanwa da ruwan zafi laifin duka. Abin lura a nan shi ne cutar takan fara ne a makonnin da mace ke ɗaka, nesa da likita, alamominta na farko kuma suna kama da gajiyar jego da kowa ya saba gani, har sai ta kasa kwanciya sai a zaune kafin a nemi mota. A 2024 aka wallafa wani gwaji da aka yi a asibitoci 6 na Nijeriya, har da na Malam Aminu Kano, a kan mata kimanin 1,200 masu ciki da masu jego, inda aka yi amfani da abin sauraren ƙirji na lantarki wanda kwamfuta ke fassara abin da ya ji, aka kuwa gano masu raunin zuciya ninki biyu na waɗanda aka gano ta hanyar da aka saba.

Daga jakar baya zuwa wuyan hannu

Wanda ya fara sa na'urar Einthoven ta bi mutum duk inda ya tafi shi ne Norman Holter, masanin kimiyya daga Helena ta jihar Montana a Amurka, garin da shi ma haƙar ma'adini ce ta kafa shi, sai dai nasu zinariya ce. A ƙarshen shekarun 1940 ya haɗa wata jaka da ake goyawa a baya mai nauyin kilo 38, wadda ke aika zanen bugun zuciya ta iska irin ta rediyo, ba da waya ba. Da aka sami ƙananan kayan lantarki sai ya yi ta rage ta, har a farkon shekarun 1960 ta koma 'yar akwatin da ake ratayawa tana ɗaukar bugu na awoyi da dama a kan faifai, kuma har yau da sunansa likitoci ke kiranta, a manyan asibitocinmu ma ana ɗaura wa mutum ita ya kwana da ita gida ya mayar washegari. A farkon shekarun 1970 Takuo Aoyagi na Japan ya gano yadda za a auna iskar da ke cikin jini ta hanyar haska fata; a 1982 kamfanin Polar na ƙasar Finlan ya fitar wa 'yan wasan guje-guje ɗamarar ƙirji da ke aika bugu zuwa agogo ba waya; daga baya aka sami wani ɗan manne da ake liƙawa a ƙirji ya yi kwana 14 yana rubutu, mai shi yana wanka yana barci da shi; a 2018 kuma kamfanin Apple ya sa wa agogonsa abin ɗaukar zanen zuciya.

Yadda agogon ke aiki kuwa, a bayansa akwai 'yar fitila mai koren haske tana haska fata, jini yana shanye wani ɓangare na hasken, saura ya komo ga wani ɗan ido da ke gefenta. Duk bugu jini yakan ƙaru a jijiya hasken da ke komowa ya ragu, da haka ake ƙidaya bugu a kuma gane in tazararsa ta rikice. Sai agogo ya miƙa wa wayar salula, ita kuma ta aika ta intanet. Babban abin da ake farauta da shi shi ne wata karkarwa da ɗakunan sama na zuciya ke yi, mai zuwa ta tafi, wadda kan sa jini ya daskare ya haura ƙwaƙwalwa, har takan ninka haɗarin shanyewar ɓarin jiki wajen sau 5. A wani bincike da aka wallafa a 2019 an bi mutum fiye da 419,000 masu ɗaure da agogon Apple, waɗanda ya gargaɗa da rikicewar bugu kimanin 5 ne cikin kowane 1,000.

A nan ne labarin ya sake haɗuwa da kuza. Kusan rabin kuzar da duniya ke narkawa a yau tana tafiya ne wajen liƙe ƙananan sassan kayan lantarki a kan allunansu, ba kuwa agogo ko waya ko na'urar asibiti da za ta yi aiki ba tare da ɗaruruwan ɗigon wannan liƙi ba. Kolombait da Filato ta yi fice da shi a shekarun 1950 yana da ɗan'uwa tantalait, wanda daga gare shi ake samun ƙarfen da ke riƙe wuta a cikin ƙananan na'urori. Kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985, manyan kamfanoni suka watse suka bar kududdufai, amma buƙatar kayan lantarki ta sake ɗaga farashinta, har matasa suka koma ramukan haƙar kuza da igiya da bokiti. Jikokin masu kwano ke nan suna sayen irin ƙarfen da kakanninsu suka haƙo, bayan ya je ƙasashen waje an sarrafa shi ya komo da tsada.

Amfani da iyaka

Tun da wayar salula ta fara yaɗuwa a Nijeriya a 2001, nisa ya daina zama uzurin da yake a da, kuma mutanen Jos sun fi kowa sanin darajar wannan, domin rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 sun koya musu cewa asibiti yana iya kasancewa kusa amma dokar hana fita ko tsoron hanya su mai da shi nesa, ga shi kuma asibitin koyarwa ya tashi daga maƙwabtakar Gangare ya koma mazauninsa na dindindin a Lamingo. A Kamaru wani matashin injiniya, Arthur Zang, ya ƙera allon Cardiopad da malamin asibitin ƙauye zai ɗauki zanen zuciya da shi ya aika wa ƙwararre a birni ta layin waya, abin da ke nuna ba sai daga Turai dabara za ta fito ba. A yau a kantunan magani na unguwa ana samun abin awon hawan jini mai batir, masu sayar da waya kuma suna baje agogunan da aka shigo da su daga Sin da Dubai.

Sai dai wajibi ne a faɗi iyakar abin. Da yawa daga agogunan masu araha ba a taɓa gwada ingancinsu ba, akwai ma na jabu da za su nuna bugu ko da an ɗaura su a jikin abin da ba shi da rai, kuma lambar hawan jinin da irinsu ke nunawa ba abin dogaro ba ce, alhali hawan jini shi ne babban abin da ke kashe zukatan mutanenmu, har ƙiyasi ya nuna yana tare da kusan baligi 1 cikin 3 a Nijeriya. Na gaskiyar ma suna da aibi, domin wani bincike da aka yi a Amurka a 2020 ya nuna abin awon iskar jini na yatsa ya fi kuskure ga baƙar fata, yakan ɓoye ƙarancin iska a gare su kusan ninki 3 na yadda yake yi ga farare. Ga matsalar caji a garin da wuta ke zuwa tana ɗaukewa, ga kuɗin data, ga kuma tambayar ina sirrin jikin mutum yake tafiya bayan ya bar wayarsa, wadda dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta fara taɓawa.

Mafi nauyi daga duk waɗannan ita ce mas'alar alhaki. Fuƙaha'u sun daɗe da hukunta cewa wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilmin ɗibbu ba, to lamunin abin da ya ɓata yana wuyansa, domin shari'a ba ta yarda a taɓa jikin ɗan Adam ba sai akwai wanda za a tambaya. Agogo kuwa ba a kai shi gaban alƙali, masu ƙera shi ma da kansu sukan rubuta cewa ba ya yanke hukuncin cuta, a nemi likita. Ya haɗa awo da lizimta, abin da tsohuwa da likita suka kasa haɗawa, amma in ya yi ƙara da tsakar dare a wani gida na Gangare, sai an sami ma'aikacin jinya da zai amsa kira, da likitan da zai karanta zanen, da maganin da kuɗin mai gida zai iya saye, kafin a ce an amfana. In babu waɗannan, abin da ya ƙara wa mai shi fargaba ce kurum. Saboda haka tsarin da hankali zai karɓa shi ne a fara da abin da ya fi yawa ya fi araha, a wadata ƙananan asibitocin unguwa da ingantaccen abin awon hawan jini da ma'aikatan da suka iya shi, a sa duk mai jego cikin lissafi har ta wuce watannin haɗari, a tanadi 'yan na'urorin mannawa da asibiti zai riƙa ba da aro ga wanda alamominsa suka nuna buƙata, a kuma ɗaura wa wani sananne nauyin karanta abin da suka rubuto. Wannan aiki ne na hukuma da jami'a da masu hali na unguwa, kuma bai fi ƙarfinsu ba in sun so. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kuma sa shugabanninmu su gane haƙƙin da ke kansu.